Abin da Ke Riƙe Ma'aikaci da Mai Sa-kai a Aikin Zakka

A kowace shekara, shafukan da masu karatu suka fi tsayawa a kansu cikin wannan rahoto su ne na lissafi: buhu nawa na gero da shinkafa aka karɓa, awaki da tumaki nawa, naira nawa ta shigo, gida nawa aka kai wa. Hakan daidai ne, domin dukiyar amana ce, kuma wanda ya fitar da ita yana da haƙƙin sanin inda ta sauka. Sai dai akwai wani lissafin da ba ya fitowa a jadawali. Buhun da aka karɓa a wani ƙauyen Maiyama bai tashi da ƙafarsa ya zo sito a Jega ba. Akwai wanda ya hau babur ya je, ya zauna da manomi aka auna, ya rubuta rasit, ya nemo motar da za ta ɗauko. Akwai wadda ta bi gidaje ɗaki-ɗaki a Jega Magaji tana tantance matan da mazajensu suka rasu, ta san wadda ke da ɗa mai kawo mata da wadda ba ta da kowa sai Allah. Kaɗan daga cikin mutanen nan ne muke biya albashi. Mafi yawansu ba ma biyan su komai.

Dalilin da ya sa muka keɓe musu wuri bana shi ne mun yi rashin wasu daga cikinsu. Ba rasuwa suka yi ba, ba kuma faɗa aka yi ba. Sun dai daina zuwa. A kira taro a ce wane yana gona, a sake kira a ce ya yi tafiya, har a gaji a daina kira. Duk wanda ya tafi kuwa ya tafi da abin da ba ya cikin kundinmu: sanin unguwa, da yardar da masu dukiya suka yi masa, da sanin gidan da ake kwana da yunwa amma ba a taɓa fita roƙo ba. Wanda zai maye gurbinsa sai ya shekara yana tambaya. Saboda haka muka zauna da waɗanda suka tafi da waɗanda suka tsaya, muka kuma duba abin da malamanmu da masu binciken zamani suka ce, domin mu gane abin da ke sa mutum ya gamsu da aikinsa har ya dawo baɗi.

Kafin mu ci gaba, wata 'yar gyara. A yankinmu kalmar 'yan sa-kai ta koma sunan masu ɗaukar makami su kare ƙauyukansu. Ba su muke nufi ba. Idan muka ce masu aikin sa-kai, muna nufin duk wanda ya ba da lokacinsa da ƙarfinsa ba don a biya shi ba, kamar 'yan agajin da muka saba gani suna shirya sahu ranar Juma'a da ranar Idi.

Za mu fara da maganar kuɗi, domin ita ce aka fi jin nauyin faɗa. Da yawa daga cikin masu ba mu gudummawa suna so su ji an ce ko sisi ba a taɓa ba, duk abin da suka bayar ya isa hannun miskini. Niyya ce mai kyau, amma shari'a ba ta ɗora mana wannan ba. Aya ta 60 ta Suratut Tauba, wadda ta jero mutum takwas da ake bai wa zakka, ta sa masu aikin tattara ta a matsayi na uku, bayan faƙirai da miskinai. A mazhabar Imam Malik ana ba ma'aikacin zakka gwargwadon aikinsa ko da mawadaci ne, domin ladan aiki yake karɓa, ba rabon talauci ba. Ba a kuma yanka masa wani kaso tsayayye ba, an bar wa shugaba ya duba. Imam Muslim ya ruwaito cewa Sayyidina Umar, Allah ya ƙara masa yarda, ya sa wani mutum aikin karɓar sadaka, da ya gama ya kawo sai aka ba shi ladansa, ya ƙi karɓa, yana ganin don Allah ya yi. Umar ya umarce shi ya karɓa, ya gaya masa shi ma ya taɓa yin irin wannan zamanin Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, aka ce masa ya karɓa ya ci ya yi sadaka. Haka nan a waƙafin da Umar ya yi da gonarsa ta Haibara, shi da kansa ya sharɗanta cewa ba laifi mai kula da ita ya ci daga amfaninta bisa abin da aka saba, ba tare da ya tara dukiya ba. A ƙasarmu ma, sarautar Sa'i da ta rage a wasu masarautun Daular Usmaniyya asalinta muƙamin mai karɓar zakka ne. Aiki ne da aka san shi, aka naɗa masa mutum, aka ɗauki nauyinsa.

To, idan biya halal ne, me zai hana a ba kowa ɗan wani abu a huta? A nan ne muka yi kuskure, kuma kuskuren namu ne, ba na kowa ba. Shekarun baya mun ɗauki al'adar miƙa wa masu sa-kai ɗan abin da muke kira na goro bayan an gama rabo. Ba shi da rana, ba shi da adadi, wani ya samu wani bai samu ba. Mun zaci kyautatawa ce. Da muka saurare su sai muka ji ba haka suka gan shi ba. Wani dattijo ya ce mana da can idan ya dawo daga zagaye yakan ji ya yi ibada, amma tun ranar da aka miƙa masa ambulan ya buɗe ya ga abin da ke ciki, sai ya fara jin kamar an yi wa yininsa farashi, kuma farashin bai kai na lebura ba.

Masu bincike sun gano irin wannan. A shekarar 2000 wasu masana tattalin arziki biyu, Uri Gneezy da Aldo Rustichini, suka wallafa gwajin da suka yi da ɗaliban sakandare masu bin gida-gida suna tara gudummawar taimako. Sun kasa su uku. Kashin farko an yi musu jawabi kan muhimmancin aikin kawai. Na biyu an yi musu jawabin, aka ƙara da alkawarin kashi 1 cikin 100 na abin da suka tara. Na uku an yi musu alkawarin kashi 10 cikin 100. Waɗanda ba a biya komai ba su suka fi tarawa, na kashi 10 suka biyo baya, na kashi 1 suka zo ƙarshe. Ɗan ƙaramin biya ya ɗauke mutum daga sahun masu neman lada ya sa shi a sahun 'yan ƙwadago, sannan bai ba shi abin da ɗan ƙwadago zai ga ya cancanci gumi ba. Ya rasa tudun dafawa ta kowane ɓangare.

Abin da muka ɗauka daga nan shi ne dole a raba abubuwa uku da muka daɗe muna cuɗawa. Albashin ma'aikaci haƙƙi ne: a yanka shi a rubuce, ya kai abin da zai riƙe gida, ya fito ranar da aka ce. Kuɗin da mai sa-kai ya kashe daga aljihunsa, na mai da katin waya da kuɗin mota, bashi ne a kanmu, ba kyauta ba. Lokacinsa da ƙarfinsa kuwa sadakarsa ce, kada mu ɓata masa ita da tsabar da ba ta kai ta kawo ba. Na tsakiyan nan shi ya fi yi mana ɓarna tun daga 29 ga Mayu, 2023, ranar da aka sanar da cire tallafin man fetur. Litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura naira 1,000 a gidajen mai da dama kafin ƙarshen 2024. Malamin makarantar da a da yakan zuba mai ya zagaye ƙauyukan Aliero bai ji a jikinsa ba, yanzu zagaye ɗaya yana cin cefanen kwana biyu. Kunya ba za ta bar shi ya ce a biya shi ba, ga shi aikin Allah ne. Sai ya ce yana gona. A ɓangaren ma'aikata kuma, an ɗaga mafi ƙarancin albashi na ƙasa daga naira 30,000 zuwa naira 70,000 a watan Yuli na 2024, alhali albashin da yawancin ƙungiyoyi irin tamu ke biya tun kafin wannan aka yanka shi.

Akwai kuma haɗarin da ya wuce rasa mutum. Kowa ya san labarin Ibnul Lutbiyya, wanda Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya tura karɓar zakka, ya dawo ya ware wani abu ya ce kyauta aka yi masa. Annabi ya hau mumbari ya tsawatar, ya nuna cewa da mutumin ya zauna gidan iyayensa ba wanda zai kawo masa komai. Shehu Usmanu ma a Kitabul Farƙi ya lissafa gaisuwar da ake kai wa masu riƙe da muƙami cikin munanan al'adun mulki. Muna karanta wa ma'aikatanmu wannan kowace shekara. Amma wanda ya hana mutum karɓar kwandon albasa daga hannun mai dukiya, sannan ya bar shi wata biyu ba albashi, shi ya tsaga bangon da ƙadangare zai shiga.

Duk da haka, kuɗi ba shi ne ƙarshen magana ba. A 1959 wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, Frederick Herzberg, da abokan aikinsa suka wallafa binciken da suka yi da injiniyoyi da akantoci kusan 200. Sun roƙi kowa ya ba da labarin lokacin da ya fi jin daɗin aikinsa da lokacin da ya fi jin haushinsa. Sai suka ga amsoshin ba kishiyoyin juna ba ne. Labaran haushi sun fi taruwa kan tsarin gudanarwa, da halin shugaba, da albashi, da yanayin wurin aiki. Labaran jin daɗi kuwa sun taru kan kammala wani abu mai wuya, da yabawa, da ɗora wa mutum nauyi, da shi kansa aikin. Ma'ana, gyara albashi yana kawar da ƙorafi, amma ba ya haifar da son aiki. An soki wannan bincike, kuma sukar tana da ƙarfi: ɗan Adam yakan jingina alheri ga kansa, ya jingina matsala ga wani. Mu ma za mu ƙara da cewa injiniyan Amurka na wancan zamani bai san tashin farashin mudun shinkafa kamar magatakardanmu ba. Amma abin da muka ji daga bakin mutanenmu bai yi nisa da nasa ba. Ba wanda ya ce mana ranar da ya fi jin daɗi ita ce ranar albashi.

Abu na farko da suka yawaita ambata shi ne sanin aikin. Zakka ba tara kuɗi ba ce kawai, fiƙihu ce, kuma mai dukiya yakan jarraba wanda aka turo masa. Manomin shinkafa a fadamar Gulbin Zamfara zai tambaya: ta damina da ta rani hukuncinsu ɗaya? Dole wakilinmu ya san cewa abin da ruwan sama ya shayar ushiri ne, ɗaya cikin goma, abin da aka shayar da injin ban-ruwa kuwa rabin ushiri ne, ɗaya cikin ashirin, idan amfanin ya kai ausuƙi biyar. Makiyayi zai tambaya daga shanu nawa ake farawa, a ce masa talatin, tumaki da awaki arba'in. Ya sake tambaya ko shanun huɗa suna ciki, a ce masa a wurin Malikiyya suna ciki. Mafi wuya ita ce tambayar Aliero, garin da albasa ta yi wa suna a duk Nijeriya. A mazhabar Malik ba a fitar da zakka daga ita albasar ranar cira, domin kayan lambu ne. Kuɗinta ake dubawa idan ya kai nisabi ya shekara, ɗan kasuwar da ke saye yana sayarwa kuma hukuncin kayan ciniki ne ke kansa. Imam Abu Hanifa yana ganin ushiri a cikin abin da ƙasa ta fitar har da kayan lambu. Saurayin da aka tura da littafin rasit kawai, aka yi masa wannan tambaya a gaban jama'a ya yi shiru, ba zai so ya koma wannan zauren ba. Wanda aka zaunar aka karantar da shi kuwa yakan dawo yana ba da labari da murna. Mun lura cewa kwana biyun da muke yi na bita kafin kaka sun fi duk wata kyauta da muka taɓa bayarwa riƙe matasa.

Na biyu shi ne ganin inda aikin ya sauka. Tsarinmu na da ya raba masu karɓa da masu rabo, don gudun zargi, har ya zama akwai wanda ya shekara biyar yana karɓar zakka bai taɓa ganin gida ɗaya da ta shiga ba. Wani masani, Adam Grant, ya wallafa gwaji a 2007 kan ma'aikatan da ke buga waya suna neman gudummawar tallafin karatu a wata jami'ar Amurka. An haɗa wasunsu da ɗalibi ɗaya da ya ci gajiyar tallafin, suka yi hira ta kimanin minti biyar. Bayan wata guda, lokacin da suke yi a kan waya da kuɗin da suke tarawa duk sun ninka fiye da sau biyu, waɗanda ba su ga ɗalibin ba kuwa suna nan yadda suke. Sai dai mu a nan akwai iyaka. Ba za mu jera marayu da gajiyayyu a gaban kyamara don ma'aikacinmu ya ji daɗi ba. Mutuncin mai karɓa ya fi gamsuwar mai aiki. Abin da muka koma yi shi ne sa kowane mai karɓa ya raka masu rabo sau ɗaya a shekara, a unguwar da ba tasa ba, sannan a riƙa kawo wa kowane kwamiti labarin abin da ya biyo baya ba tare da suna ba: keken ɗinkin da aka bayar yana aiki ko an sayar, wanda aka biya wa bashi ya koma kasuwa ko bai koma ba. Har labarin da bai yi daɗi ba suna so su ji. Ɓoye musu shi ne ke sa su zaci ba a ɗauke su a bakin komai ba.

Na uku ya fi taɓa mu shugabanni. Wata daga cikin matan da ke tantancewa ta ce abin da ya kashe mata jiki shi ne ta kwana uku tana bin gidaje, ta kawo sunaye, ranar rabo ta ga an cire biyu an sa waɗansu da ba ta sani ba, ba wanda ya ce mata uffan. Mai yiwuwa akwai dalili. Amma ita ce ta shiga ɗakin, ita ta ga tukunyar da ba a ɗora ba, kuma ita za ta haɗu da matar a gidan suna. Wanda aka ɗora wa nauyi aka hana shi ta cewa, ɗan aike ne, kuma ba wanda ke zama ɗan aike kyauta shekara da shekaru. Yanzu ƙa'idarmu ita ce ba a canza suna a jerin da wakilin unguwa ya kawo sai an kira shi an gaya masa dalili, ya kuma sa hannu.

Kakanninmu sun san duk wannan ba tare da bincike ba. Duba yadda ake gayya. Mai gona ba ya biyan kowa, amma ba ya barin kowa da yunwa: ga fura, ga tuwo, ga goro. An san ranar farawa, an san iyakar gonar, da yamma kowa ya juya ya ga kunyoyin da aka nome. Makaɗi yana kiran sunan gwani a gaban tsaransa. Shi kansa mai gonar yana cikin sahu da fartanyarsa, kuma kowa ya san ranar tasa gayyar za a zo masa. Da za a kira gayyar da ba abinci, ba a san yaushe za a tashi ba, mai gona yana zaune a inuwa yana nuni da sanda, ba sai an gaya wa kowa yawan waɗanda za su amsa kira na biyu ba. Wasu kwamitocinmu, da mu kanmu a wasu lokuta, irin wannan gayyar muke kira.

Saura zaman ma'aikaci da mai sa-kai wuri ɗaya, wanda ba kullum yake daɗi ba. Mai sa-kai yakan ga ana biyan wani kan aikin da shi yake yi kyauta. Ma'aikaci kuma yakan ji ana yi masa kallon wanda ke cin dukiyar miskinai, har a faɗa masa a fuska cikin raha. Wannan magana tana ciwo, kuma ba gaskiya ba ce. Bambancinsu ba na ikhlasi ba ne, na alkawari ne. Mai sa-kai yana iya cewa yau ba zan samu zuwa ba. Ma'aji da magatakarda da mai gadin sito ba su da wannan dama. Ranar ambaliya, irin wadda ta cinye gonakin shinkafar Kebbi a 2020, su ake nema da tsakar dare. Idan aka rubuta aikin kowa, aka karanta a gaban kowa, yawancin gunagunin yakan kwanta.

Ga abin da muke roƙon kwamitocin masallatai su yi kafin kakar bana. Kowane kwamiti ya rubuta sunayen masu yi masa aikin zakka da abin da aka ɗora wa kowannensu, da watan farawa da watan gamawa, domin mutum ya san yana da ranar hutu kuma yana iya ajiyewa ba tare da an ce ya gudu ba. A ajiye littafin kuɗin zirga-zirga, a biya cikin mako guda, kuma ma'aji ne zai nemi mai sa-kai ya ba shi, ba shi zai zo yana tambaya ba. Wanda ya ce ya yafe, a miƙa masa tukuna. Idan ya mayar, a rubuta masa rasit na sadaka. Liman ya ambaci aikinsu ya yi musu addu'a a gaban jama'a bayan an gama rabo, wanda ba ya son a kira sunansa a bar shi.

Ga masu ba da gudummawa kuwa, a shafin lissafi na bana za ku ga layin albashi da na zirga-zirga a fili, kowanne da kansa, maimakon yadda muka saba dunƙule su cikin kuɗin gudanarwa. Mun san wasu za su ga adadin ya yi musu yawa, kuma ƙofarmu a buɗe take ga duk mai son ya duba takardun. Hanyar da muke ganin za ta rage wannan nauyi daga kan zakka ita ce waƙafi na musamman: shago a kasuwar Jega, ko rumbun ajiyar albasa a Aliero, ko gona a Maiyama, wanda mai shi zai sharɗanta cewa kuɗin hayarsa na albashin ma'aikata ne da man babur ɗin masu sa-kai da bitar shekara. Kwamitin amintattu ya shirya daftarin takardar irin wannan waƙafi, malamai sun duba ta, kuma za a karanta ta a babban taron shekara bayan gabatar da wannan rahoto.